Kafin A Ɗaure Akwati

Da zarar makarantu sun rufe a ƙarshen watan Yuli, ko kuwa goman ƙarshe na watan azumi ta matso, sai ka ga gidajen Nassarawa sun fara yin tsit, yau wannan gobe wancan. Ka bi ta Sultan Road ko Lamido Crescent da yamma, ba ka ganin kowa sai maigadi a kan benci da 'yar rediyonsa. Wasu sun tafi Umra, wasu sun kwashi iyali zuwa Alƙahira ko Istambul, ɗan kasuwar Kantin Kwari ya gama hutu da saro a Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, ma'aikacin gwamnati kuwa ya karɓi hutunsa na shekara ya tafi Ingila ganin ɗansa da ke karatu. Babu laifi a ko ɗaya daga ciki. Addini bai hana mutum hutawa ba, bai kuma hana shi ganin ƙasashen Allah ba. Hasali ma a wurare da dama Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya domin a duba a yi tunani. Marigayi Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya komo ya rubuta mana Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura shirin tafiyarmu duk ya koma kan abin da jami'in shige da fice zai tambaya, watau fasfo da biza da tikiti. Za mu zo kansu. Amma akwai shirin da ake gamawa a gida tun ba a sauko da akwati ba, shi ne kuwa aka fi yi wa sakaci.

Kakanninmu ba su yi wannan sakaci ba, domin hanya ba ta ba su damar yi ba. Mai niyyar Makka a wancan zamani yakan bi ta Barno ya shiga Wadai, ya ratsa Darfur da Kurdufan har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, yana tafe yana tsayawa neman guzuri. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani can zai zauna, shi ya sa har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan. Irin wannan matafiyi ba ya fita sai ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya bi dangi gida gida yana neman gafara. Yau jirgi yana ɗaukarka daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya sauke ka Jidda cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Tafiya ta gajarce, tsoronta ya gushe, da ya gushe kuwa sai ya tafi da al'adar sallama. Ajali dai bai san an ƙera jirgi ba.

To, mu fara da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, wadda ke biye da ita kuma matafiyi ta ambata musamman, wanda bai sami marubuci ba, ta buɗe masa ƙofar jingina. Kasuwancin Kano kuwa a kan amana yake tafiya. A Kwari da Singa da Dawanau kayan miliyoyi kan fita da magana ɗaya a waya, ko da ɗan zane a littafin da mai shi kaɗai ke iya karantawa. Muddin mai littafin yana raye babu matsala. Na taɓa zama cikin masu shaidar rabon gadon wani maƙwabcinmu da ya tafi hutun mako biyu, rashin lafiya ta kwana uku ta ɗauke shi a can. Masu bin sa bashi suka zo da baki, ba takarda, 'ya'yansa ba su san wanda za su gaskata ba. Waɗanda yake bi kuwa, wasu suka zo da kansu, Allah Ya saka musu, wasu suka yi shiru har yau. An fi shekara biyu ba a gama ba, zumuncin shekara talatin ya lalace a tsakani. Takarda ɗaya da zai rubuta cikin awa guda, ya sa hannu, mutum biyu su shaida, da ta raba wannan rigima.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki wannan da wasa ba. Hukuncin da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halil shi ne mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya, in lokacin biya zai cika alhali ba ya nan, sai fa in ya naɗa wakilin da zai biya ko ya kawo mai lamuni. A nan zan faɗi ra'ayina, ko da zai sosa ran wasu. Umra a wurinmu sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, maimaita ta cikin shekara guda ma an karhanta. Biyan bashin da lokacinsa ya yi kuwa wajibi ne. Mutumin da magini ke bin sa kuɗin aiki, tela ke bin sa kuɗin ɗinkin salla, yaran shagonsa ba su ga albashin wata biyu ba, sa'an nan ya sayi tikitin Umrarsa ta biyar, lalle ya sa farilla a baya ya sa nafila a gaba. In haka ne ga Umra, ina ga zuwa shan iska?

Bayan bashi sai ajiya. A daren Hijira, a shekara ta 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyadina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyoyinsu, alhali cikin mutanen garin ne aka shirya kashe shi. Ma'aikacin gwamnati, ko a Sakatariyar Audu Bako yake ko a ta tarayya, ya sani fayil ɗin da ke kan teburinsa ajiya ce. Wanda ya kulle fayil ɗin fanshon wani dattijo a aljihun tebur, ya sa makulli a aljihu ya hau jirgi, ya ɗauki alhakin kowace rana da dattijon zai zo a ce masa mai aikin ba ya nan. A rubuta takardar miƙa aiki, a nuna wa mai riƙo inda kowane abu ya tsaya. Takardar hutu kuma ta ambaci cewa ƙasar waje za a tafi, a karɓi izni a rubuce. Ranar komawa aiki a lissafa ta da ratar kwana biyu, saboda jirage kan ɗaga tafiya, kada a komo ana neman takardar likita ta ƙarya domin rufe gibi.

Gida ma yana da haƙƙinsa. In ƙarshen wata zai riske ka a waje, biya maigadi da direba da mai aiki kafin ka fita, domin su ma suna da masu jiransu. Iyalin da za su zauna a bar musu cefane da kuɗin asibiti a hannunsu, kada su zama masu roƙon ƙaninka. Mai mata fiye da ɗaya ya tuna Manzon Allah ƙuri'a yake yi tsakanin matansa in zai yi tafiya, kuma wannan ya fi kwantar da rai bisa ga zaɓen da kowa ya san inda zai faɗa. Watan Agusta shi ne watan da ruwa ya fi ƙarfi a Kano, saboda haka a share indararo da magudana, a rufe tukunyar gas, a bar makulli wurin maƙwabci amintacce. Hoton da ake ɗauka a filin jirgi a sa a Facebook kuwa, sanarwa ce ga ɓarawo cewa gida ya zama nasa. A jira sai an dawo.

Wasiyya ita ce mutanenmu suka fi gudu, kamar rubuta ta kiran mutuwa ne. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya kwaɗaitar da kada mai abin wasici ya bar ta ba a rubuce ba ko da na ɗan lokaci kaɗan. Ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yin ta ga magaji. Ni kan ƙara abu biyu a tawa: inda takardun filaye da na banki suke, da kuma cewa in ajali ya riske ni a waje a binne ni a maƙabartar Musulmi mafi kusa, kada a wahalar da iyali da kuɗin ɗauko gawa.

In an gama waɗannan, sai takardu, su kuwa ba su da wuya in an fara da wuri. Ƙasashe da yawa ba su karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida. A duba na kowa a gidan, har na yara, a kuma tabbata sunan da ke kan tikiti harafi da harafi shi ne na fasfo, domin Muhammad da Mohammed a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Katin allurar shawara ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rai. Mai zuwa ƙasa mai tsarki ya tambayi allurar sanƙarau da ɗigon shan inna. Kada a raina wannan, a kuma guji sayen kati ba allura: a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano da sauran Arewa, Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya zuwa Hajji. Mai zuwa ƙasashen Turai na Shengen sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Kowace takarda a ɗauki hotonta a waya, a kuma bar kwafi a gida.

Dokar biza kullum canjawa take. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza a watan Oktoba 2022, ba ta dawo ba sai Yuli 2024, 'yan kasuwarmu na Dubai sun ji a jikinsu. Don haka labarin wanda ya je bara ba hujja ba ce, kuma ba a sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Mai zuwa Umra ta hannun ejan ya duba ko kamfanin yana cikin waɗanda Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi. A biya cikin asusun kamfani, a karɓi rasit, a sa sunan otal a rubuce, domin kalmar "kusa da Harami" a bakin ejan tana da faɗi ƙwarai. In bizar ta zo, a karanta kwana nawa aka ba ka. Wuce wa'adi saɓa alkawari ne da ka ɗauka da hannunka, ko da a Makka ka yi shi. A Afrilu 2025 Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin da ya kai wata shida da kora ga wanda ya zarce. Bizar Umra kuma ba ta Hajji ba ce. A Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da iznin Hajji, watau ba tanti ba mota.

Game da mata, a 2012 an tsare ɗaruruwan maniyyatan Nijeriya mata a Jidda da Madina, aka komo da da yawa daga cikinsu saboda rashin muharrami. A 2022 Saudiyya ta sanar da ɗage wannan sharaɗi. Dokar ƙasa ce ta canja. Sauƙin da Imamu Malik ya bayar na tafiya cikin amintacciyar ƙungiya a kan Hajjin farilla ne, tafiyar hutu kuwa sai a tambayi malami.

Sai guzuri. Wanda zai yi canji a Wapa ya tuna sharaɗin canjin kuɗi shi ne hannu da hannu a zama ɗaya. Karɓar dala yau a kawo naira mako mai zuwa riba ce, ko da farashin bai ƙaru ba. Malaman zamani da yawa sun ɗauki turawa ta banki nan take a matsayin karɓa. A Fabrairu 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su riƙa ba da guzurin tafiya ta kati maimakon tsabar kuɗi, saboda haka a gwada katin tun a gida, a kuma raba kuɗi wuri biyu ko uku. Dokar Nijeriya ta wajabta bayyana wa kwastan duk abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, a fita ko a shiga. Bayyanawa ba ta cin komai, ɓoyewa ke ci. A Maris 2025 an kama fiye da dala miliyan ɗaya a filin jirgin Kano cikin kayan dabino.

Yanzu ga wurin da nake so mai karatu ya natsu. A ƙarshen Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Madina, ta je Umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta, bisa zargin wata jaka mai ɗauke da sunanta cike da ƙwayar tiramadol. Binciken hukumar NDLEA ya nuna wasu miyagu ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu, a cikin watan da Saudiyya ta zartar wa wata 'yar Nijeriya hukuncin kisa kan safarar ƙwaya. A 2025 aka sake yin irinsa da wasu masu Umra uku da suka tashi daga Kano. Waɗannan ba su karɓi kayan kowa ba, abin ya same su. To, yaya wanda ya karɓa da hannunsa?

Abin da nake yi, nake kuma sa 'ya'yana su yi, shi ne in tsaya da kaina a wurin awon kaya. Ba na ba kowa fasfona da tikitina ya tafi da su bayan idona, ko da ya ce taimako zai yi. In akwati biyu na kawo, 'yan takardun shaida biyu zan karɓa, in ƙirga su, in ɗauki hoton akwatunan a kan sikeli tare da lambobinsu. Wanda ya ce in taimaka masa da kilo tun da kayana ba su cika ba, sai in ba shi haƙuri. Saƙo kuma, wanda kunya ke sa mu karɓa, "Alhaji, don Allah ka miƙa wa ɗiyata a Madina," amsata ɗaya ce: a kwance shi a gabana, in ga komai, in ɗaure da hannuna. Magani da garin da ban san shi ba, ba na ɗauka ko na wane ne. Wata dattijuwa ta taɓa yin fushi da ni a kan haka har ta ce zumunci ya ƙare a duniya. Na ce mata, "Hajiya, ki gafarce ni, ke ma wani ne ya ba ki." Ta yi shiru, domin haka ne.

Kayanka na kanka ma a tace su. Goro ba ya shiga Saudiyya, hukumar alhazai kullum tana gargaɗi a kai. Kilishi da dambun nama da man shanu ba su shiga Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙari, cikin kwalinsa, tare da takardar likita, a jakar hannu. Turaren da ya wuce mililita 100 a sa shi a babban akwati. A jefa 'yar buta da darduma mai naɗewa, domin banɗakin otal a Turai ba a gina shi da tunaninmu ba.

Akwai guzurin da ba ya hawa sikeli, shi ne sanin hukuncin sallar matafiyi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, nisan da ake ƙasaru a kansa mil 48 ne, abin da malamai ke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Azahar da La'asar da Lisha ake mayarwa raka'a biyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari, filin jirgin Kano kuwa yanzu gari ya kewaye shi, don haka sallar da ka yi a can kafin tashi cikakkiya ce. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yi mako biyu a otal ɗaya yana ƙasaru. A mazhabarmu da zarar ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, ko salla ashirin, ka zama mazauni. Wanda ya bi limami mazauni kuma, kamar a Harami, cikawa zai yi. Wanda rana ta gota masa yana zangon canjin jirgi a Adis Ababa ko Alƙahira, jirginsa ba zai sauka ba sai bayan faɗuwar rana, yana iya jawo La'asar ya haɗa da Azahar. In Asuba za ta fita kana sama, yi alwala tun a ƙasa, ka yi sallar yadda ya sawwaƙa, kada ka bar ta.

Bahaushe ya saba alƙibla ita ce gabas, har kalmomin biyu sun zama ɗaya a bakinsa. Daga Kano haka ne, gabas ce da ɗan karkata arewa. A Landan kudu maso gabas take, a Istambul ta fi kusa da kudu, a Madina kudu ce, a Dubai da Gwanzu yamma ake fuskanta. Na ga dattijo a Dubai ya dubi inda rana ta fito ya tayar da kabbara, ya ba Ka'aba baya da kyakkyawar niyya. Manhajar alƙibla a waya tana taimako, tambayar masallaci mafi kusa ta fi. Lokuta ma haka. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai. A Landan rana kan faɗi bayan ƙarfe tara na dare a watan Yuni, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, har wanda ya shiga kanti bayan Azahar ya fito ya tarar La'asar da Magariba sun wuce. Mai tafiya cikin azumi ya sani wanda alfijir ya keto masa a gida ba ya ajiye azumin wannan rana, a cikin jirgi kuma da faɗuwar ranar da idonsa ya gani zai sha ruwa, ba da agogon garin da ke ƙarƙashinsa ba.

Mai Umra ya sa haraminsa a jakar hannu. Jirgin da ya taso daga Adis Ababa yana ratsa daidai da Yalamlam, na Alƙahira daidai da Juhfa, duk kana sama, wanda haraminsa ke cikin babban akwati kuwa ya shiga matsala. Game da jirgin da ya miƙe daga Kano zuwa Jidda malamai sun saɓa, a tambaya tun a gida. Mafi sauƙi shi ne fara sauka a Madina, a ɗauki harami a Zul Hulaifa cikin natsuwa. Ziyarar Rauda tana bukatar izni ta manhajar Nusuk, a nema da wuri.

Tsaraba abu ne mai kyau, amma a rubuta sunaye da abin da za a kashe tun kafin tafiya, in ba haka ba ranar ƙarshe sai a ci bashin da aka fita an biya. A sanar da iyali ranar dawowa da sa'arta, domin sunna ta hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare ba labari. Manzon Allah kuma in ya dawo daga tafiya da masallaci yake farawa, ya yi raka'a biyu. Ƙasaru yana ƙarewa a inda ya fara, saboda haka in jirginka ya sauka Kano lokacin Azahar bai fita ba, raka'a huɗu za ka yi.